Giwa Ba Ta Son Turaren Inna

Har yau a Limancin Kona akwai masu cewa wai Habiba ta tafi Gana aikin gidan zu, tana ba birai ayaba tana share kashin kura. Ƙarya ce. Wasu kuma sun ce otal nake aiki, su faɗa suna rage murya, kun dai san abin da suke nufi. Wannan ma ƙarya ce, kuma na bar su da Allah. Inda nake gandun daji ne, ƙasa ce mai faɗin da mota za ta wuni tana gudu ba ta kai ƙarshenta ba. Babu keji, babu katanga. Dabbobin su ne masu gida, mu ne baƙi, kuma aikina shi ne in shiga gaban mutane da ƙafa in kai su su gani, in dawo da su lafiya.

Ba wannan aikin na fito nema ba. Wani mai fataucin goro da Baba ya sani a kasuwa, Ɗanliti, shi ya ce akwai gurbin karɓar baƙi a wani masauki a Kumasi, ana neman yarinya mai takardar sakandare da ke jin Turanci. Na dami Baba har ya yarda. Hanyar kuwa ba zan so wa maƙiyina ita ba. Kowace iyaka a sauke mu, a buɗe akwati, a yi mana tambaya da Faransanci, ni ko "sannu" ban sani ba a cikinsa. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na ci burodi da ruwan leda har na tsani ganin burodi.

Da muka isa tashar Kumasi, Ɗanliti ya ce, "Zauna nan ƙanwata, bari in kira mai masaukin." Ya tafi da abin da Baba ya damƙa masa na neman gurbi. Akwatina ya tsira ne kawai don a kansa nake zaune. Rana ta take, ta karkata, babu shi babu labarinsa. Na kira wayarsa, a kashe. Na zage shi da ƙarfi, da Hausar Zazzau tsantsa, har mutane suka fara juyowa.

Zagin nan ne ya cece ni. Wata mata mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, ƙatuwa, mai ɗaurin ɗankwali kamar tulu, ta ajiye ludayi ta zo.

"Kai, yarinya, wa kake zagi haka?"

"Ni mace ce, Mama."

"Na gani. Haka muke Hausa a nan. Ka ci abinci?"

Sunanta Mma Azara. Ta zuba mini abinci da yajinsu baƙi mai kifi, na ci ina hawaye, rabi na yaji rabi na baƙin ciki. Ta kai ni gidanta a zango, ta ba ni tabarma kusa da 'ya'yanta. Na zauna ina taya ta wanke kwanuka. Na faɗa mata gaskiya: ba zan koma Zariya haka ba. Na san matan unguwarmu, na san yadda za su shigo wajen Inna da "ai mun faɗa" ɗauke a baki. Gara in wanke kwanuka har in tsufa.

Wata rana da safe tana tsame wake ta ce, "Yayana yana aiki a gandun daji can arewa. Suna ɗaukar samari da 'yan mata su koya musu jagoran baƙi. Amma ba duka suke riƙewa ba, sai wanda ya ci gwaji. Bakinka dai nake tsoro."

Na ce, "Bakina ba ya cizo."

"Yana yi," in ji ta. Ta sa ni a mota da ƙunshin abinci, ta ja kunnen direba a kaina kamar ita ta haife ni.

Daga Tamale zuwa gaba ƙasar ta fara kama da gida: kaɗanya, ɗorawa, kuka, mata ɗauke da itace. A ƙauyen ƙarshe kafin ƙofar gandun na ga wani tsohon masallacin ƙasa, fari fat, itatuwa sun fito a jikinsa ta ko'ina. Mun tarar da 'yan garin sun fito gaba ɗaya suna masa sabon yaɓe, maza a sama, mata na kawo ruwa, ana ta waƙa da tsokana. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya bugi hancina, na tuna ginin zaurenmu, na kau da kai daga taga don kada ta kusa da ni ta ga idona.

Masaukin ma'aikata a bisa wani tudu yake. Na ajiye akwati na leƙa ƙasa. Wallahi na manta da gajiya. Daji ne kore da ruwan ƙasa har inda ido ya tsaya, ga wani tafki a ƙasa yana ƙyalli, a cikinsa wasu baƙaƙen duwatsu. Sai dutse ɗaya ya ɗaga hanci ya watsa wa kansa ruwa.

"Giwa! La ilaha illallahu, giwa ce!" Na yi ihu har tsuntsaye suka tashi.

Wani dattijo siriri mai kakin gandu, da bindiga a kafaɗa, ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce ta Azara. Ta ce za a ji ki kafin a gan ki."

Shi ne Baba Seidu, mai koyar da mu. Shi Hausarsa ta fi ta ƙanwarsa gyara, ya yi yawo a ƙuruciya. Ranar farko ya jera mu ya ba mu dokoki: ba surutu, ba gudu, ba kaya masu ɗaukar ido, ba fesa turare. Ya ce a ƙarshe kowa zai shiga gaban baƙi na gaske, shi yana baya. Wanda ya kai su ga dabba ya dawo da su lafiya, an ɗauke shi. Wanda ya kasa, ga hanya nan.

Na ɗauki kwalbar humrata na tura ƙasan akwati, na ce an gama da wannan. Shirun ne ya so ya kashe ni. Mutum ya tsuguna a gindin marke, ƙudan tsando na cizonsa, ba damar ya ce wayyo. Amma na koya. Na koyi bambanta sawun ɓauna da na gwanki. Na koyi taɓa kashin giwa da bayan hannu in san ko da ɗumi, ni da ko kashin kaza ba na son gani a tsakar gida. Na ga mugun dawa yana kiwo a durƙushe kamar mai neman gafara, na danne dariya har cikina ya yi ciwo. Wani gwaggon biri ya shigo har ɗakinmu ya ɗauke ƙullin garin rogon abokiyar kwanana, Efua, ya hau rufi ya zauna yana ci yana kallonmu. Efua 'yar kudu ce, Kirista, mai sanyin hali. Ta tsaya tana roƙonsa da Turanci, ni kuwa na ɗauko takalmi.

Matsala ɗaya ce. Duk rukunin da nake ciki, ba ma ganin komai. Sauran su dawo suna ba da labarin garken ɓauna, mu kuwa sai sawu da ƙura da bayan mariya tana tsalle can nesa. Ƙudan zuma kuma ni kaɗai suke bi. Samarin suka fara tsokana, wai ina da farar ƙafa, wai a biya su kafin su yarda a haɗa su da ni. Na mayar musu da abin da ya fi nasu zafi, amma a raina na tsorata. Gwaji na matsowa, ni ko giwa ɗaya ban taɓa kusanta da ƙafa ba.

Yanzu bari in faɗi abin da nake yi kullum da yamma. Kafin in taho, Inna ta kwashe kayana kaf ta turara su a kan kasko, ɗaya bayan ɗaya, da turaren wutar da take haɗawa da hannunta. Ta ƙulla mini wani a leda. To ni a gidanmu wanki bai ƙare ba sai an turara, kamar yadda tuwo bai ƙare ba sai da miya. Don haka in na wanke kakina da hijabina, sai in roƙi garwashi a kicin, in zuba a gwangwanin kifi, in barbaɗa kaɗan, in kifa kwando in shimfiɗa kayan a kai. Ban fesa komai ba, ban karya doka ba. Kuma wannan ɗan lokacin shi ne kaɗai nake jin kamar ina ɗakin Inna, ana kiran magariba daga masallatai goma a lokaci guda.

Ranar da asiri ya tonu, mun bi sawun wani tsohon toron giwa tun da sassafe. Muka same shi a bakin rafi yana karya reshe. Bai fi jifa ba tsakaninmu. Ina cewa a raina yau dai na karya farar ƙafa. Sai iska ta juya. Ya daina tauna. Ya ɗaga hancinsa sama, ya lanƙwasa shi, ya nuno mu. Ba mu duka ba, ni. Ya buɗe kunnuwa kamar ƙyauren shago, ya tako sau biyu, ƙasa ta amsa. Baba Seidu ya ɗaga hannu, muka daskare. Na karanta duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci. Toron ya yi wani huci, ya juya, ya shige kurmi.

Baba Seidu ya ciro ɗan ƙyallen toka da yake gwada iska da shi, ya kaɗa. Tokar ta tashi daga wajena ta bi inda giwar ta tsaya. Bai dube ni ba. Wata tsamiya ya duba, ya ce mata, "Wani a cikinmu ya taho daji da ɗakin amarya."

Samarin suka fashe da dariya. Na ce, "Baba, ni ban fesa komai ba!"

"Ban ce kin fesa ba, 'yata."

A hanyar komawa Efua ta matso. "Habiba, kowa ya sani. Tun daga bakin famfo ake jin ki."

"Kowa ya sani? Shi ne ba wanda ya faɗa mini?"

"Baba ya ce shi dattijo ne, ba zai iya yi wa budurwa maganar ƙamshin jikinta ba. Ya ce ni in faɗa miki."

"To me ya hana ki?"

"Kin ga abin da kika yi wa biri?"

Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace mini. Amma da na koma ɗaki na buɗe akwati, dariyar ta tsaya. Ni ban ma san ina ƙamshi ba, hancina ya saba tun ina goye. Abin da ake so in wanke shi ne abu ɗaya da ya rage mini na gida.

Na kira Inna da la'asar, na hau kan tudu inda waya ke kamawa.

"Inna, an ce in daina turara kaya."

"Wa ya ce? Miji kika yi ban sani ba?"

"Giwa ce ba ta so."

Sai na ji ta kira maƙwabciyarmu ta katanga. "Ke zo ki ji! Wai giwa ce ba ta son turarena!" Ta dawo kaina. "Ita wane ƙamshi take yi da za ta raina na mutane? Turaren da amare ke layi a kansa?"

"Inna, in ban daina ba za su sallame ni."

Ta yi ajiyar zuciya. "To ke da Allah wanke. Turare dai ba ƙarewa zai yi ba, ina nan ina haɗawa. Amma kada ki dawo mini kina warin daji, a zaure zan tare ki da kasko."

Washegari ni da Efua muka hura wuta, muka tafasa ruwa a babbar tukunya, muka zuba kayana da sabulun salo. Muka wanke, muka shanya, muka shinshina, muka sake wankewa. Turaren Inna ba ya jin magana, kamar mai shi. Efua ta dirje har hannunta ya yi ja, ba ta yi ƙorafi ba. Mayafi ɗaya na hana ta taɓawa. Na ƙulle shi a leda biyu tare da ragowar turaren, na kai can ƙasan akwati. In kewa ta taso, in buɗe bakin ledar kaɗan in shaƙa in mayar, sannan in wanke hannu.

Bayan nan daji ya buɗe mini kamar an cire labule. Mazo ya wuce ta gabana bai ko ɗaga kai ba. Na tsuguna a bayan gidan gara ina kallon ɓauna suna shan ruwa, ina jin ƙarar haɗiyarsu. Kuma na fara jin abin da ban taɓa ji ba: daji ma yana da nasa ƙamshin. Ciyawar da giwa ta taka daban, furen ɗorawa daban, ruwan da ke shirin sauka daban. Na faɗa wa Baba Seidu, ya ce, "Da hancinki a cike yake, ba wurin saka baƙo."

A cikin kwanakin nan ya kai mu wani wuri can tsakiyar gandun, inda manyan kukoki suka yi da'ira. Ya cire hularsa kafin mu shiga. Kufai ne. A nan aka haifi kakarsa, kafin a tashi garin a mayar da wurin na dabbobi. Ya nuna mana ramuka masu santsi a kan fa, inda mata suka yi ta niƙa har dutse ya lotsa. Ya nuna mana kaburbura da aka jera wa duwatsu. Ya ce har yanzu jikokin garin suna zuwa sau ɗaya a shekara, a rako su, su share, su yi addu'a, su koma. Na sa hannuna a cikin ramin niƙan, ya zauna daidai. Baba ya ce, "In kin kawo baƙi kada ki nuna musu giwa kawai. Ki gaya musu akwai waɗanda suka bar gidajensu kafin giwa ta samu nata."

Ranar gwajina aka ba ni wasu mata da miji tsofaffi daga Turai, da wani malamin makaranta ɗan Akara da matarsa. Kafin mu tashi na zagaya su ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa. Matar malamin ta ja baya. Na ce, "Yi haƙuri, anti, je ki canza rigar nan, ina jira." Ta kalli mijinta, ta kalli Baba Seidu. Baba ya kalli sama. Ta je ta canza.

Na bi da su ta kufan, na ba su labarin kakar Baba da ramukan niƙa. Tsohuwar Baturiyar ta durƙusa ta shafa dutsen, ta daɗe ba ta tashi ba. Rana na ɗagawa, ni kuwa ban ga ko sawu sabo ba. Tsohon ya fara haki. Ƙafata na ƙaiƙayin sauri, bakina na ƙaiƙayin magana. Na dake. Can na ga reshen ɗorawa a karye, ruwansa bai bushe ba. Na taɓa kashin da ke gefe, da ɗumi. Na kaɗa tokata, na ga iska na bin hanyar da za mu bi, sai na fasa, na zagaya da su ta bayan wani kwari, tafiya mai nisa cikin ƙaya. Malamin ya fara gunaguni. Na juya na sa yatsa a baki, ya yi tsit.

Muka hau ɗan tudu, muka leƙa. Uwar giwa ce da 'ya'yanta da wasu manya, suna cikin laka. Ƙaramin cikinsu bai iya hancinsa ba tukuna, yana ta wurgi da shi, ya taka shi, ya faɗi, ya tashi. Iska na busowa daga wajensu zuwa fuskokinmu. Ba wadda ta ɗaga kai. Muka zauna a ƙasa muna kallo har na manta gwaji nake. Matar malamin ta kama hannuna ta matse, hawaye na zuba a fuskarta, tana dariya ba sauti.

Da muka dawo bakin masauki baƙin suka wuce, Baba Seidu ya sauke bindigarsa ya jingina da bango. Na tsaya ina jira. Ya ɗauko buta ya wanke fuska, ya wanke ƙafa, kamar ba ni a wurin.

"Baba, don Allah ka yi magana, zan mutu!"

"Au, ashe kina nan? Ban ji ki ba." Ya yi murmushi. "Gobe da safe akwai baƙi. Ke za ki kai su, ba na zuwa."

Na yi guɗa. Guɗa sosai, irin ta gidan biki a cikin birni, har gwaggon birin nan ya diro daga rufi ya ruga. Efua ta fito da gudu ta rungume ni muka faɗi a ƙasa. Na kira Mma Azara, ta ce, "Kai, ka ga? Na ce bakinka ne kawai." Na ce mata ba baki ba ne, hanci ne, ta ce in bar ta ta sayar da abincinta.

Yanzu na yi damina ɗaya da rani ɗaya a nan. Na san giwayen da kamanninsu, na san wadda ke da guntun haure da wadda ba ta son a tsaya mata ta hagu. An ba ni hutu bayan sallah, kuma na riga na yanke abin da zan yi da shi. Zan je Zariya in ɗauko Inna. Matar nan ba ta taɓa wuce Kaduna ba, kullum tana tsakanin kasko da tsakar gida. Zan kawo ta ta hanyar da na bi, mu kwana wajen Mma Azara, in tsayar da ita a masallacin ƙasar nan ta yi salla, sannan in shiga gabanta da ƙafa har bakin tafki. Na faɗa mata a waya, na kuma faɗa mata sharaɗin: kaya biyu zan saya mata sababbi, ba za su ga hayaƙi ba.

Ta ce, "Ni? In fita ba turare, kamar wadda aka kora?"

Na ce, "Safiya ɗaya kawai, Inna."

Sai ta ce, "Ƙaramin giwan nan mai faɗuwa da kika ba ni labari, zai jira har in zo?"

Na ce zai jira. Gobe zan shiga Tamale in sayo yadin.